Tarihin Cirewar Halojin: Daga Ɗakunan Gwaji na Turai zuwa Gonaki da Kududdufan Tasawa da Mayahi

A cikin darussan kimiyyar sinadaran kabon da ake koyarwa a manyan makarantun Nijar da Najeriya akwai babin da ya shafi dangin sinadaran da ake kira haloalkan, da yadda ake raba su da ƙwayoyin zarra biyu su rikiɗe su zama wani abu dabam, kuma mafi yawan ɗalibai suna haddace shi ne saboda jarrabawa, ba tare da an nuna musu cewa ya taɓa shiga rayuwar garinsu ba. Alhali kuwa wannan sauyi, wanda masana suka kwashe fiye da shekara ɗari suna neman gane yadda yake gudana, shi ne ya bambance tsakanin magungunan ƙwarin da suka ruɓe a ƙasar gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi da waɗanda suka ƙi ruɓewa, kuma shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin da sauron yankin Sahel yake bi wajen karya ƙarfin gubar da aka yi domin kashe shi.

Alkan suna ne na sinadaran da aka gina da kabon da haidurojin kaɗai, inda kowace ƙwayar zarra ta kabon take riƙe da maƙwabciyarta da ɗauri guda, kuma iskar gas ta girki da kananzir da kaso mai yawa na fetur duk daga wannan dangi suke. Idan aka ɗauke haidurojin ɗaya ko fiye daga jikin alkan aka sa kulorin, ko buromin, ko aidin, ko fulorin a gurbinsa, waɗanda su huɗun ake kira halojin, to an sami haloalkan. Halojin yana da ƙarfin janyo ilektiron zuwa wajensa, ilektiron kuwa su ne ƴan mitsitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki waɗanda da su ake ƙulla kowane ɗauri, saboda haka haidurojin da ke kan kabon na kusa da mai halojin yakan yi sako-sako fiye da yadda yake a cikin alkan. Idan aka kawo bes, wato sinadari mai ɗabi'ar ruwan toka da kanwa wanda yake kishiyar asid, ɗayan abu biyu ne ke faruwa. Ko dai bes ɗin ya ture halojin ya zauna a gurbinsa, abin da ake kira musanya, ko kuma ya fizge haidurojin daga kabon na kusa, halojin ya fice, kabon biyun su ƙara ɗauri na biyu a tsakaninsu, a sami sinadarin da ake kira alken. Wannan na biyun shi ne cirewa. Yanayin aiki ne ke rinjayar da lamarin zuwa ɗaya daga cikinsu, domin potasiyam haidurokzaid da aka narkar a ruwa aka ɗumama kaɗan yakan kai ga musanya, amma idan an narkar da shi da kauri a cikin etanol aka tafasa, cirewa ce ke yin galaba. Kuma haloalkan mai aidin ya fi saurin sakin halojinsa, sai mai buromin, sai mai kulorin, mai fulorin kuwa da ƙyar yake saki.

Tsakanin 1794 da 1795 wasu masana huɗu a birnin Amsterdam suka haɗa iskar etilin da kulorin suka sami wani ruwa mai maiƙo, wanda aka daɗe ana kiransa man masanan Holan, a yau kuma sunansa dikuloro'etan, mai kabon biyu, kowanne riƙe da kulorin ɗaya. Shekara arba'in bayan haka, a 1835, wani matashin Bafaranshe mai suna Henri Victor Regnault, wanda yake aiki a ɗakin gwajin Justus von Liebig a Giessen ta Jamus, ya zuba wa wannan mai potasiyam haidurokzaid da aka narkar a etanol, sai ya ga wata iska ta fita wadda ta rasa haidurojin ɗaya da kulorin ɗaya. Wannan iska ita ce binil kuloraid, kuma gwajin nasa yana cikin misalai na farko da aka rubuta na cirewa daga haloalkan, duk da cewa a lokacin babu wanda ya san yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin sinadari.

A 1851 August Wilhelm von Hofmann, Bajamushe mai koyarwa a Landan, ya bayyana wata cirewa ta dabam wadda ke faruwa idan aka gasa wasu gishirori masu naitorojin, kuma daga baya aka lura cewa a irin wannan hanya alken mafi ƙarancin rassa ne ke fitowa da yawa. A watan Janairun wannan shekarar ne wani Bajamushen, matafiyi Heinrich Barth, ya iso Tasawa daga Damargu a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, lokacin da garin yake hannun Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato. Daga cikin abubuwan da ya rubuta game da ƙasar akwai ƙoren gasasshiyar fara da ake sayarwa, da bayanin cewa takan zama abinci mai muhimmanci a shekarar da ta cinye hatsi. Wannan shi ne halin da manomin ƙasar yake ciki game da fara a wancan zamani: ya haƙa rami ya kora ƴaƴanta ciki, ya sa wuta, ya kama wadda ta kamu ya ci. Sai da aka yi kusan ƙarni guda kafin abin da ake yi a ɗakunan gwaji ya iso gonarsa.

Tambayar da ta fi damun masanan ƙarni na goma sha tara ita ce wane haidurojin ne zai fita idan kabon mai halojin yana da maƙwabta biyu, kowanne da nasa haidurojin. Amsar ta fito daga jami'ar Kazan da ke bakin kogin Volga a Rasha, inda Aleksandr Butlerov ya horar da ɗalibai biyu da suka zama abokan hamayya, Vladimir Markovnikov da Aleksandr Zaitsev. A 1875 Zaitsev ya tattara sakamakon gwaje-gwaje a kan haloalkan masu aidin ya nuna cewa haidurojin yakan fi fita daga maƙwabcin da dama ya fi ƙarancin haidurojin, ta yadda alken da ake samu shi ne wanda ɗaurinsa biyu ke kewaye da rassan kabon mafi yawa, domin shi ya fi zama daram. Misalin da littattafai suka saba bayarwa shi ne sarƙar kabon huɗu mai buromin a kan kabon na biyu, wadda idan an tafasa ta da bes a cikin etanol kimanin kashi huɗu cikin biyar na abin da ake samu yakan kasance mai ɗauri biyu a tsakiyar sarƙa, sauran kuma a bakinta. Daga baya an gano cewa idan bes ɗin mai ƙaton jiki ne wanda ba ya iya kutsawa tsakiya, yakan ɗauki haidurojin na baki, sai sakamakon ya koma irin na Hofmann.

Ƙa'idar Zaitsev ta faɗi abin da ke fitowa, amma ba ta faɗi yadda yake fitowa ba, kuma wannan aiki ya jira Christopher Ingold da abokin aikinsa Edward Hughes a Ingila. A 1927 Ingold da wani abokin aikinsa mai suna Hanhart suka kawo bayanin cewa cirewa tana iya faruwa a taki ɗaya, bes yana ɗaukar haidurojin a daidai lokacin da ɗayan ɓangaren yake ficewa, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda, taɓaryar ɗaya tana sauka a daidai lokacin da ta ɗayar take tashi. Wannan hanya ita aka sa wa suna E2, domin saurinta ya dogara da yawan abu biyu, haloalkan da bes. A cikin shekarun 1930, a kwalejin jami'a ta Landan, Hughes da Ingold suka tabbatar da hanya ta biyu, E1, inda halojin yake fara ficewa shi kaɗai ya bar kabon da cajin lantarki, sannan daga baya haidurojin na kusa ya saki. Saurin wannan bai damu da yawan bes ba, kuma ta fi samuwa a haloalkan da kabonsa mai halojin ke riƙe da wasu kabon uku. Sun kai ga wannan ne ta hanyar auna saurin sauyi sau da yawa suna canja yawan kowane sinadari, aiki mai cin rai wanda Ingold ya tattara sakamakonsa a babban littafinsa na 1953.

Yayin da ake wannan bincike, Yaƙin Duniya na Biyu ya fito da wasu tsoffin sinadarai biyu daga kundin da aka manta da su. Na farko shi ne DDT, wanda ɗalibi Othmar Zeidler ya fara haɗawa a Strasbourg a 1874, ba a kuma san amfaninsa ba sai a 1939 da Paul Müller na kamfanin Geigy a Basel ya gano yana kashe ƙwari, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1948. Na biyu shi ne HCH, zobe mai kabon shida wanda kowane kabon a cikinsa yake riƙe da haidurojin ɗaya da kulorin ɗaya. Michael Faraday ne ya fara samar da shi a 1825, kuma a farkon shekarun 1940 masana a Faransa da Ingila suka gano ƙarfinsa a kan ƙwari. HCH yana zuwa da siffofi da dama masu ƙwayoyin zarra iri ɗaya amma tsari dabam, waɗanda ake kira isoma, ana bambanta su da haruffan Girka, alfa, beta, gama da sauransu. Gama kaɗai ke da ƙarfin kisa na gaske, kuma shi ne aka raɗa wa suna lindan don tunawa da Teunis van der Linden, ɗan Holan da ya ware shi a 1912.

A kan wannan zobe ne aka sami ɗaya daga cikin hujjoji mafiya ƙarfi a tarihin babin. A 1947 Stanley Cristol, masani a Amurka, ya auna saurin da kowane isoma na HCH yake sakin haidurojin da kulorin idan ya haɗu da bes, sai ya tarar alfa da gama suna saki cikin sauƙi, suna rasa kulorin uku da haidurojin uku su koma tirikulorobenzin, amma beta ya fi su jinkiri sau dubbai. Dalilin yana cikin tsarin jiki. Cirewar E2 tana so haidurojin da zai fita da halojin da zai fita su kasance a ɓangarori masu kishiyantar juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a kan shimfiɗa guda, domin ilektiron ɗin da haidurojin ya bari su shigo ta bayan halojin su tura shi waje. A cikin beta kuwa kulorin shidan suna jere ne ɗaya sama ɗaya ƙasa a kewayen zoben, don haka duk kulorin da aka duba, haidurojin na maƙwabcinsa yana gefe ɗaya da shi, babu ko guda da ke kishiyantarsa. Bayan shekara uku Derek Barton, yana ɗorawa a kan binciken Odd Hassel na ƙasar Norwe, ya nuna yadda siffar zobe take shafar sauyin sinadari, domin zoben kabon shida ba a shimfiɗe yake ba, yana lanƙwashe ne a siffar da masana ke kira kujera, kuma a wannan siffa dukkan kulorin ɗin beta suna miƙe zuwa gefe, inda bes ba ya samun ta yi. Barton da Hassel sun raba kyautar Nobel ta 1969.

Abin da wannan bincike ke nufi ga manomi babba ne, kuma ya dace a faɗe shi ƙarara cewa tun 1947 an san wane isoma ne ba zai ruɓe da sauƙi ba. Garin HCH mai araha da aka yi ta sayar wa ƙasashe matalauta ba a tace shi ba, kuma gama a cikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, mafi yawansa alfa ne, da wani kaso na beta. Ma'ana manomin da ya barbaɗa mudu goma na sinadarin, kusan tara daga ciki ba su kashe masa fara ba, sun dai shiga ƙasa da ruwa. Beta yana taruwa a cikin kitse, yana bin nonon dabba da na uwa, kuma shi ne isoman da aka fi samu a jikin mutane a ƙasashen da aka yi gwaji shekaru bayan an daina feshi. Ko inda aka tace lindan zalla, kowane tan guda yakan bar tan 6 zuwa 10 na sauran isoma a matsayin shara, wasu masana'antu kuma suka riƙa amfani da cirewa wajen mayar da sharar tirikulorobenzin.

Gundumomin Tasawa da Mayahi ƙasar jigawa ce ta gero da dawa da wake, wadda kwarin Gulbin Kaba mai itatuwan goriba ya ratsa, kuma ruwan samanta a mafi yawan shekaru yana tsakanin milimita 300 da 500. Noman gyaɗa ne ya fara haɗa ta da kasuwar duniya, tun daga shekarun 1930 da kamfanonin Turawa suka buɗe wuraren awo ana fitar da amfanin ta Kano, har zuwa 1962 da gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA na cinikin gyaɗa da hukumar UNCC ta ƙungiyoyin manoma da bashi. Ta hannun malaman gona na wannan zamani ne garin cuɗa iri kafin shuka ya shiga ƙauyuka, wanda yake haɗa maganin cutar funfuna da wata guba mai kulorin. Sai fari na 1968 zuwa 1974 ya zo, a 1975 kuma cutar da ɗarɓa ke yaɗawa ta durƙusar da gyaɗa, a daidai lokacin da farar Senegal, ƙaramar fara mai cin gero, ta yi ɓarna a faɗin Sahel, ta kuma sake dawowa da ƙarfi a 1985 da 1986. HCH yana cikin manyan magungunan da ƙasashen Sahel suka dogara da su a kan irin wannan fara, ana ba manoma garinsa su barbaɗa da hannu ko da ƴar jakar tsumma, yayin da a arewa, wajen Ayar da Tamesna inda farar dango take hayayyafa, ƙungiyar OCLALAV da aka kafa a 1965 take fesa wata gubar mai suna diyeldirin a kan ciyayi a jere-jere domin ƴaƴan fara su ci su mutu.

Zaɓen diyeldirin ga wannan aiki ya samo asali ne daga taurin kansa. Kulorin ɗinsa shida suna zaune a wani keji na kabon inda babu haidurojin da ya dace da cirewa, saboda haka bes ba ya yi masa komai, kuma feshi ɗaya yakan yi makonni yana kisa a ƙarƙashin rana. Wannan daɗewa da ta sa aka so shi ita ce kuma ta sa aka hana shi, har annobar farar dango ta 1986 zuwa 1989 ta tarar da ƙasashe masu ba da taimako sun ƙi sayensa. Lindan da DDT kuwa suna lalacewa idan sun haɗu da farar ƙasa ko wani abu mai ɗabi'ar toka, shi ya sa aka riƙa gargaɗin kada a gauraya su da irin waɗannan abubuwa. A cikin ƙasa ma akwai masu yin wannan aiki, domin masana a Japan sun gano ƙwayar bakteriya a gonar gwaji da aka daɗe ana zuba wa lindan, wadda take da wani enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadari a jikin mai rai, da aka sa wa suna LinA, kuma aikinsa shi ne cire haidurojin da kulorin masu kishiyantar juna daga alfa da gama, beta kuwa ya fi ƙarfinsa saboda dalilin da Cristol ya gano. Ta kan iyakar Najeriya lindan ya shigo kasuwannin karkara da sunan Gammalin 20, inda wasu suka riƙa zuba shi a wake ko a ruwa don kama kifi. Lamarin ya fi nauyi a ƙasar da fara take abinci kuma kayan kasuwa, domin mai kama ta da asuba ba shi da hanyar sanin ko ta kwana a gonar da aka yi wa feshi. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa diyeldirin cikin sinadaran da za a kawar, ta taƙaita DDT ga yaƙi da ƙwari masu yaɗa cuta, a 2009 aka ƙara lindan da alfa da beta, a 2015 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa lindan cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam.

Gwajin Regnault kuwa ya dawo yankin ta wata ƙofa. Eugen Baumann ya lura a 1872 cewa binil kuloraid da aka bari a rana yakan daskare ya zama farin abu, Fritz Klatte ya yi rajistar hanyar sarrafa shi a Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Waldo Semon kuma ya gano yadda ake tausasa shi a Amurka a 1926. Wannan ita ce robar PVC, wadda kusan kashi 57 cikin ɗari na nauyinta kulorin ne. Masana'antu na yau ba sa amfani da bes, suna bi da dikuloro'etan ne ta cikin bututu mai zafin kusan digiri 500, zafin kaɗai ya raba shi da haidurojin kuloraid. Da wannan roba ake yin bututun da ake zurawa a rijiyoyin burtsatse da na lambu, da wanda ke kai ruwa daga tanki zuwa famfunan ƙauye, da rigar wayar lantarki, da takalman roba. Cirewar da ta haife ta ita ce kuma take tsufar da ita, domin zafi da hasken rana suna sa kulorin ɗaya ya fita da haidurojin na kusa, ɗauri biyun da ya samu ya raunana kulorin na gaba, haka abin yake bin sarƙa, launin ya juya rawaya sannan ruwan ƙasa, bututun ya yi gautsi. Shi ya sa wanda aka binne yake shekaru da dama lafiya, wanda aka jibge a fili a zafin bazara yake tsagewa, kuma hayaƙin ƙona shi yake shaƙe maƙogwaro, tunda haidurojin kuloraid yana zama asid da zarar ya taɓa danshi.

Inda babin ya fi taɓa rayuka shi ne wajen DDT da sauro. A tsakiyar DDT akwai kabon biyu, ɗaya yana riƙe da kulorin uku, ɗayan yana riƙe da haidurojin guda da zobba biyu, kuma wannan haidurojin yana da saurin saki. Idan ya fita tare da kulorin ɗaya sai a sami DDE, mai ɗauri biyu a tsakiya, wanda siffarsa ta miƙe ta yadda ba ya iya maƙalewa a ƙofar sodiyam ta jijiyar ƙwaro, wato ramin da saƙon jijiya ke bi, inda DDT yake yin kisansa. DDE ba ya kashe ƙwaro, amma ya fi DDT daɗewa a kitse, kuma shi ne ya sirantar da ɓawon ƙwan tsuntsaye masu cin nama a Turai da Amurka, har Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972. Tun 1946 aka fara ganin ƙudajen da DDT ba ya kashewa a ƙasar Suwidin, a 1954 kuma Sternburg da Kearns da Moorefield na jami'ar Illinois suka nuna cewa irin waɗannan ƙudaje suna da enzayim da ke mayar da DDT zuwa DDE, wato ƙwaron yana yi a cikin jikinsa abin da masani ke yi da bes a cikin kwalba. A 1984 aka gane cewa enzayim ɗin ɗan dangin GST ne, furotin masu aiki da wani ƙaramin sinadari mai sulfa da ake kira gulutatayon, wanda shi ke tsayawa a matsayin bes ya fizge haidurojin.

Ƙasar Hausa tana cikin wuraren farko da aka ga sauron Afirka ya bijire. A 1954 aka fara aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, inda aka raba ƙasar ana fesa DDT a wani yanki, diyeldirin a wani, HCH a wani, kuma kafin ƙarshen 1955 aka tarar diyeldirin ya daina kashe sauron, HCH ma ya bi sahu domin su biyun wuri ɗaya suke bugu a jijiya. Wannan bijirewa ta sauyin wurin bugu ce, ba ta cirewa ba. DDT ya ɗan ƙara daɗewa yana aiki, amma daga baya sauro ya samo masa hanya biyu: sauyi a ƙofar sodiyam da ake kira kdr, da ƙaruwar enzayim mai suna GSTe2, wanda aka bayyana a sauron Anopheles gambiae a farkon shekarun 2000. A 2014 masu bincike na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka nuna cewa a sauron Anopheles funestus na jamhuriyar Benin sauyin tubali ɗaya tak a jikin wannan enzayim ya faɗaɗa aljihun da DDT yake shiga, har ya ƙara saurin mayar da shi DDE.

Nijar ta raba gidajen sauro masu magani sama da miliyan biyu a faɗin ƙasa tsakanin ƙarshen 2005 da farkon 2006, kuma binciken cibiyar CERMES ta Yamai da aka buga a 2008 ya nuna cewa sauyin kdr ya ƙaru a cikin sauro bayan rabon. Maganin da ke jikin gidajen sauron na dangin firetiroid ne, wanda yake bugun ƙofar sodiyam ɗin da DDT yake bugu, don haka sauron da ya tsira daga ɗaya yakan tsira daga ɗayan. A 2019 mujallar Malaria Journal ta buga binciken da Sulaiman Ibrahim na jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka yi a kan sauron da aka kamo a Tasawa, gari mai kududdufai da ke cika da damina, inda suka tarar sauron Anopheles coluzzii ne, yana ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓi, yana da ƙarfin bijire wa DDT da firetiroid, kuma sauyin kdr ya yawaita a cikinsa. Wani bincike da ya biyo baya a yankunan Sahel na Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi ya sa GSTe2 cikin ƙwayoyin gadon da suke aiki fiye da kima a jikin wannan sauro. Abin lura shi ne sauron yana riƙe da makamin cire kulorin daga DDT alhali an daɗe da barin feshin DDT a matsayin babban makami, kuma masana suna danganta hakan da cewa enzayim ɗin yana ba da wata kariya daga firetiroid, sannan magungunan da ake fesawa a gonaki da lambuna suna gangarawa ruwan da ƴaƴan sauro ke girma a ciki.

Wannan bambanci tsakanin hanyoyin bijirewa yana da tasiri a kan irin gidan sauron da ya kamata a kai Tasawa da Mayahi. Akwai gidajen sauro da aka ƙara musu sinadarin PBO, wanda yake toshe wani dangin enzayim da ake kira P450, masu narkar da firetiroid ta hanyar liƙa masa iskar oksijin, amma PBO ba ya toshe dangin GST yadda yake toshe wancan, kuma ba ya gyara ƙofar sodiyam da ta riga ta sauya. Saboda haka aka koma neman guba mai bugu a wani wuri dabam, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gidajen sauro masu haɗa firetiroid da kulofenafir a wuraren da sauro ya bijire, domin kulofenafir yana hana ƙwayoyin jikin ƙwaro samar da kuzari ne, kuma sai enzayim ɗin sauron kansa ya sarrafa shi kafin ya zama guba.